Sunan da Baba Bai Kira Ba

Ranar da Baba ya cika, manoman Kekun Waje ba su koma gida sun ajiye kayan aiki ba. Daga gonaki suka zarce ƙofar gidanmu da laka a ƙafa, kowa ya jingina garmarsa a jikin danga ya nemi ƙasa ya zauna. Damina ce ta biyu bayan farin nan da ya cinye shanu, gero ya fara kai gwiwa, lokacin da mutum ba ya barin gonarsa ko da ƙanensa ake wa aure. Ina daga cikin gida ina jin ƙarfe na bugun ƙarfe, har dangar ta fara kwantawa don nauyi.

Kowa ya faɗi abin da ake faɗa, cewa na Allah ne mu kuma wurinsa za mu koma, amma da aka shafa fatiha sai kowa ya koma kan nasa rashin. Wani tsoho bahago, wanda Baba ya yi wa waƙa tun ba a haife ni ba, ya zauna yana murza tafin hannunsa yana tambayar na kusa da shi wa zai ƙara kiransa a gona. Direbobin manyan motoci sun zo daga tashar Gusau, suka bar motocinsu a bakin hanya da kaya a kai. Matan unguwa suka kifa turame, ranar ba a ji daka ba daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. Malamai ma sun zo, sun yi masa salla, sun yi addu'a mai kyau. Sai dai na leƙa ta kafar danga na ga sun zauna ɗan nesa da zauren da gangarsa take rataye.

Baba makaɗin noma ne, ni kuma autarsa ce. Ina aure a Bungudu, amma tun da idonsa ya tafi na dawo gida ina jinyarsa tare da Inna. Saboda haka ina nan ranar sadakar uku, lokacin da Yaya, ɗan farin Baba, mai sayar da hatsi a kasuwar Gusau, ya miƙe a gaban jama'a ya rantse da Allah. Ya ce ranar bakwai, da an shafa addu'a, zai sa wuƙa ya farke fatar gangar nan, ya faskare icenta a hura wuta. Ya ce duk bugun da aka yi mata bayan yau kaya ne ake ƙara wa tsoho a kabari. Ya kuma hana kiɗa da waƙa a gidan, ko da a maƙoshi ne.

Baffa, ƙanen Baba, wanda ke da nasa makaɗan a Tsafe, ya tashi tsaye rawaninsa na warwarewa. A gidanmu in makaɗi ya mutu ɗansa bai ɗauki gular kiɗa ba, ganga ta ƙanensa ce, haka aka yi tun kakanni.

“Sai dai ka hwara da ni,” in ji Baffa. “In ka gama yanka ni, ka yanka ta.”

Mai gari ya shiga tsakani da ƙyar. Manoma suka tashi suna gunaguni, yaran Baffa suka kwana da sanduna a ƙarƙashin tabarma, kowa ya san ranar bakwai ba za ta wuce lafiya ba.

Ni kuwa damuwata ta wuce ganga. Akwai waƙar ƙarshe da Baba ya bari, rabinta a bakina, rabinta a bakin Baffa, ba a taɓa haɗa ta ba. Na san Yaya aka yi wa ita. Na kuma san in wuƙar nan ta taɓa fata, Baffa ba zai sake taka inda Yaya yake ba har abada, Yaya kuwa zai tsufa ya mutu yana zaton ubansa bai taɓa ganinsa da daraja ba. Don a gane yadda waƙa take rabuwa biyu haka, sai na faɗi yadda Baba yake aiki.

Ba ya yi wa mutum waƙa sai ya ga saransa. Manomi ya kawo goro, ya kawo dami, ya kawo akuya in ya ga dama, Baba zai ce masa ya tafi, zai zo gonar. Ya je ya tsugunna a bakin iyaka ya yi shiru yana kallon yadda garma take sauka da yadda take tashi. Wani lokaci ya karɓi ƙotar ya shafa ya ji inda hannu ya cinye ta. Mai saurin sara waƙarsa daban, mai nauyin hannu tasa daban. Tsohon nan bahago, kiɗansa ta hagu yake shigowa, ko yaro ya ji daga nesa ya san gayyar wa ake yi. Akwai wani mai shanu da yawa da ya yi shekaru yana bibiyar Baba, bai samu ko baiti ɗaya ba, don barorinsa ne ke masa noma. Baba ya ce masa in yana so a kira shi ya fara sunkuyawa.

Kafin Baba, makaɗi yakan yi baiti ne 'yan amshi su maimaita masa, shi ke nan. Shi ne ya raba 'yan amshinsa gida biyu, wani lokaci uku. Waɗannan su ɗauko magana, kafin su dire waɗancan sun shigo da tasu a kanta, ganga kuma tana ƙasa tana tafiyarta, ba wanda yake taka wani. In an tambaye shi inda ya koyo, sai ya nuna cikin gida ya ce wurin turmi. Yakan zauna a bayan ɗaki in mata uku suna lugude, idonsa a rufe, yana bin yadda wannan taɓarya take fita wannan take shiga. Inna takan ce masa in dai sauraro ne aikinsa to ya matso ya sheƙe mata dusa. Ni na fi kowa shan wahalarsa, don tun ina 'yar budurwa a kan dakana yake gwada sabuwar waƙa. Sau da yawa gari ya yi laushi tuntuni, shi kuwa yana cewa in ƙara.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa 'yan amshinsa suka yi ta ƙorafi har ya mutu. Ba ya ba mutum ɗaya waƙa sukutum. Zai kira wannan ya ba shi nasa layin, ya kira wancan wata rana ya ba shi nasa, kowa ya je ya haddace bai san abin da ɗan'uwansa ya riƙe ba. Sai ranar gayya, a tsakiyar gona, za su ji abin da suke faɗa gaba ɗaya. Na ga manyan mutane masu gemu suna waƙa suna zare ido don mamakin abin da ke fitowa daga bakinsu. Ya ce in mutum ya san waƙa duka, kunnensa ya mutu, ba ya ƙara sauraron na kusa da shi. Doka ɗaya ce ya fi tsananta musu: in ɗan'uwanka ya bar maka gurbi, ko kana fushi da shi, ko kana zazzaɓi, ka cika. Ya taɓa korar wani mai daɗin murya saboda ya bar layi a rataye yana kallon 'yan mata masu fura.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Baba yana da zafin rai, yana da taurin kai, kuma yabo a bakinsa ga na gida ya fi ruwan rani wuya. Amma shekarar fari, da ba wanda yake da abin ba makaɗi, ya bi gonakin gwagware da na tsofaffi da gangarsa yana tara musu samari. Ba a ba shi ko ƙwaya ba, a gidanmu ma lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya. Inna ta yi faɗa, ya ce mata ganga ba ta cin tuwo.

Da Baffa sun yi shekaru ba sa ga maciji. Baffa ya ja wasu daga cikin 'yan amshi ya koma Tsafe, can bakin hanyar Funtuwa inda ake samun jama'a. Wannan Baba ya haƙura. Abin da bai haƙura ba shi ne ranar da ya ji waƙarsa a rediyon mai shayi, da muryar Baffa, kuma ɓangare ɗaya tak, don rabin da Baffa ya sani ke nan. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce sun yanke mata ƙafa sun sa ta rawa. Daga ranar ko gaisuwar salla ta yanke.

Ta Yaya kuwa ta fi ciwo, don babu mai laifi ƙarara. Ɗan fari a wurinmu ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Iyaye da yawa sukan sassauta in yaro ya girma. Baba bai sassauta ba ko kaɗan. Mutumin da ya kira sunan manoman ƙasar nan tun daga Bungudu har bayan Tsafe, da na ubanninsu da na kakanninsu, bai taɓa buɗe baki ya kira sunan ɗansa ba. Sai dai ya ce wancan, ko yaron nan. In kuwa wani manomi ya yi suna ɗaya da Yaya, sai a nemo masa laƙabi a sa a waƙa.

Yaya kuma shi ya fi kowa hannu. Tun yana ƙarami yake bin Baba gona da 'yar gangarsa. Wata gayya da aka yi kusa da Tsafe, yana saurayi, ya yi kiɗan da manoma suka tsaya da sara suka juyo suna kallo, abin da ba a taɓa yi ba. Jama'a suka ɗauki ihu suna cewa Baba ya kira ɗansa, ya sa shi a waƙa ko sau ɗaya. Baba ya juya baya, ya ce wa na kusa da shi yaron nan yana gaggawa, a ce ya rage. Yaya ya ajiye gula a kan kuyyar gona, ya kama hanyar Gusau da ƙafa. Can ya shiga kasuwar hatsi, ya zauna gaban wani malami ya yi karatu mai zurfi, ya dawo yana cewa kiɗa saɓo ne. Ban ce ƙarya yake yi a kan addininsa ba, mutum ne mai tsoron Allah. Amma ni ƙanwarsa ce, na san in yana maganar ganga akwai wata jijiya da take tashi a wuyansa wadda ba ta tashi in yana maganar sauran zunubai.

Duk da haka, da cutar yana ta rufe idon Baba, Yaya ne ya zo da kansa ya ce sai an je asibitin Gusau. Da damina ne, rafi ya cika, mota ta tsaya a wancan ƙetaren. Yaya ya tuɓe babbar riga ya ba ni, ya tsugunna, ya goya Baba ya shiga ruwa har ƙirji. Ina biye da su da ƙullin kaya a kai. Da aka sauke shi, Baba ya matse bakin wandonsa ya ce ruwan da sanyi. Iyakar godiyar ke nan. Likita ya duba ya ce an makara, muka dawo kamar yadda muka tafi.

Bayan dawowarmu ne ya fara sa ni daka ba gaira ba dalili. Ya ba ni layuka, kowanne sai na bar gurbi kafin in faɗe shi. Ban kai na uku ba na gane wanda ake nufi, na tsaya da taɓarya a sama.

“Baba, wanga ai Yaya na.”

“Auta, daka anka sa ki,” ya ce. “Ba a sa ki hwassara ba.”

Da kaka ta yi ya ce in kai shi Tsafe. Muka hau motar kaya, na ja shi har ƙofar Baffa. Ba su yi maganar rediyo ba, ba su yi maganar shekarun da suka wuce ba. Ya kore ni cikin gida wurin mata, suka zauna a gindin bishiyar bedi tun hantsi har la'asar. A hanya ya ce mini ya ba Baffa ɗaya rabin, in damina ta kama zai tara mu ya haɗa. Damina ta kama, shi kuma ya kwanta bai tashi ba.

Washegarin rantsuwar na sami Yaya shi kaɗai a zaure, na durƙusa na gaya masa komai. Na karanta masa layukan da baki, ba da waƙa ba. Ya saurara yana jan carbi, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ce ya san ina son gangar nan, amma bai zaci zan ƙaga wa mamaci magana don in cece ta ba. Na ce ya tambayi Baffa. Ya ce Baffa da ya sayar da waƙar ɗan'uwansa a rediyo shi ne shaidata?

“Shekara arba'in ni ka gabanai, bai san sunana ba,” ya ce. “Yanzu da shi ka ƙasa za ki ce min ya tuna? Tashi ki ba ni wuri.”

Na tashi ina kuka, amma na fito da abu ɗaya. Magana kowa na iya ƙagawa. Ɗinkin Baba kuwa, yadda layi yake shiga cikin layi ya zauna daram, ba mai iya ƙirƙirarsa, kuma duk ƙasar nan ba kunnen da ya fi na Yaya saninsa. In ya ji rabi biyun a haɗe, ba sai an rantse masa ba.

Sai na aika a kira mini Baffa bayan gida. Nan na tarar da wata sabuwa. Ashe Baffa tun ranar gindin bedi yake zaton waƙar tasa ce. Layukansa suna maganar wanda ya fi Baba hannu, wanda ya yi fushi ya tafi, wanda za a shimfiɗa wa buzu in ya dawo. A ƙarshe akwai gurbin suna da Baba ya yi shiru a kai, Baffa kuwa har ya saba cusa nasa sunan a ciki in yana bita shi kaɗai. Ya ɗauka wansa ne yake neman sulhu ta hanyar da ya iya. Da ya faɗa mini haka idonsa ya kawo ruwa. Na yi tunanin in yi shiru in bar shi ya shigo a kan zatonsa, amma ban iya ba. Na faɗa masa nawa layukan.

Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a gaban idona kamar ranar ba. Sannan ya ce ashe aike aka yi da shi, an ɗauko makaho tun daga Kekun Waje don a mai da shi ɗan amshin yaron da zai yanka gangar ubansa. Ya ce ko za a kashe shi ba zai buɗe baki ba, rabin nan da shi za a rufe shi. Na kama ƙafarsa, ya janye ya fita.

Kwanakin da suka rage gidan ya zama abin tsoro. Maza sun rabu biyu a ƙofar gida, masu karatu a dama, makaɗa da manoma a hagu, ana miƙa musu tuwo a kwano daban-daban. Mijina ya zo daga Bungudu ya ce in fita daga maganar maza kafin a ce matarsa ce ta haddasa. Inna tana ɗaki cikin takaba, ita ma ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba balle ta yi masa faɗa a kan ubansa. Na ba ta labari duka, ta ce in bar wa Allah.

Da safiyar bakwai aka jiƙa geron gumbar sadaka. Na ji Yaya ya sa an sauko da ganga an ajiye a tsakiyar zaure, na kuma ji ƙarar wuƙa a kan dutse. Ina jan turmi zuwa gindin darbejiya inda aka saba, sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, a hankali.

“Auta, wurin nan da rana. Kai shi bakin danga, can ya hi inuwa.”

Babu wata inuwa a bakin danga da safe. Maza ne kawai a bayanta, taku kaɗan. Na mirgina turmin har can. Goggo, ƙanwar Baba, ta ɗauki taɓarya. Matar Yaya ta tsaya tana kallona, ta san abin da mijinta ya hana, ta kuma san abin da zan yi. Ta gyara ɗaurin zane ta ɗauki ta uku.

Muka fara lugude a kan tafiyar da Baba ya koya mini. A waje liman ya gama addu'a, na ji an shafa, na ji mutane suna miƙewa, sanduna suna gogar ƙasa. Na bar gurbin layin farko ya wuce, taɓare kaɗai suna magana, sannan na ɗaga murya na faɗi nawa. Hayaniyar waje ta yanke. Na ji Yaya ya ce wace ce wannan, a ce ta yi shiru. Na bar gurbi na biyu, na faɗi nawa. Na uku haka. Waƙa mai rami a gaban kowane layi abin tausayi ce, ni kaina na ji munin abin da nake yi. Na kai ƙarshe ba wanda ya shigo. Goggo ta dube ni tana tambaya da ido. Na ji takun Yaya ya nufo ƙofar shigowa cikin gida. Na koma farko.

Baffa ya yi shekara talatin a bayan Baba kafin ya koma Tsafe. Daga baya ya ce mini bai yanke shawarar komai ba, ya cije leɓe har ya fashe, amma da gurbin nan ya sake zuwa fanko sai ya ji bakinsa ya buɗe. Muryarsa ta taso daga bayan danga, a dishe, cike da fushi, ta faɗa daidai inda aka yanka mata wuri. Kafin ya dire na shigo a kansa.

Shi: Na kira mazan gona gabas da yamma,
Ni: Akwai guda da bakina bai iya ɗauka.
Shi: Ya hi ni hannu, ni na san haka,
Ni: Tun shina goye ni ka jin kiɗan ƙahwatai.
Shi: Ya yi hushi ya bar ni, ban hana ba,
Ni: Ya aje gula ya ɗau allo, ya hi ni riba.
Shi: In ya dawo ku shimhiɗa mai buzu,
Ni: Shi yag goya ni randa ido yaƙ ƙare.

Ni da na riƙe rabinta wata da watanni, sai ranar na ji ta. Ƙarshen nasa yana hawa kan farkon nawa, taɓare uku suna ƙasa suna riƙe da mu, ba inda ya yi saura ba inda ya gaza. Takun Yaya ya tsaya. Ina ganinsa ta gefen ido a bakin ƙofa, wuƙa a hannunsa, yatsun ɗaya hannun suna motsi a jikin rigarsa bai sani ba.

Baffa ya kai layinsa na ƙarshe, wanda yake cewa ku saurara, yau ni ka kiran shi. Nan ne gurbin sunan. Na ji tsoron kada ya cusa nasa don haushi, ko ya faɗi na Yaya don ya gama da abin. Bai yi ko ɗaya ba, ya bar shi yadda wansa ya ba shi. Taɓare suka sauka, suka sake sauka, daidai tsawon sunan da kowa a wurin ya sani. Sannan na rufe da layin da ya rage mini: na kira, Allah shi sa ya jiya.

Muka tsai da daka. Ba tari, ba motsi, daga ciki har waje. Yaya yana tsaye yana kallon zauren da babu kowa a ciki sai ganga. Sai muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa, irin ta yaron da aka kira daga wasa.

“Na'am, Baba.”

A ɗaki Inna ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawa.

Yaya bai koma kiɗa ba, bai kuma canza ra'ayinsa a kansa ba. Ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya ɗauki gangar da hannunsa ya ɗora wa Baffa a mota. Baffa ya karɓa bai yi godiya ba, kuma bai sake yin waƙar nan ba har yau, ya ce ba tasa ba ce. Sau ɗaya ke nan aka ji ta a duniya. Yanzu duk makaɗin noman da za ka gani tsakanin Bungudu da Tsafe ya raba 'yan amshinsa biyu, yawancinsu samari ne da ba su san wanda ya fara ba, suna zaton haka Allah ya halicci waƙa. Ba na jin haushinsu, Baba ma da yana nan gyaran kiɗansu kawai zai yi.

Ni ma ban rubuta sunan Yaya a nan ba, tun da mai waƙar bai faɗa ba. Allah ya gafarta wa Baba zafin ransa da taurin kansa, ya sanyaya masa makwanci, ya sa gumin manoman da ya ƙarfafa ya zama shaida gare shi. Ranar da za a tara mutane a kira kowa da sunansa, Allah ya tsai da shi kusa da ɗansa, ya ji an kira, ya ji an amsa. Amin.